Darasi na 9: Rukunin Kwatanci a Gwajin Magani

Manomin da ke son sanin ingancin sabon taki ba ya zuba wa gonar duka. Raba ta yake yi biyu, gefe ɗaya sabon taki, ɗaya gefen wanda ya saba, iri ɗaya, shuka rana ɗaya. Da kaka sai ya ƙirga dammunan geron kowane gefe.

Haka likitoci ke gwada sabon magani. Ana ba wasu majinyata sabon, wasu kuma a ba su tsohon da aka sani, ko ƙwayar da babu magani a cikinta idan cutar ba ta da magani tukuna. Na biyun nan su ake kira rukunin kwatanci. Dole a same su, domin cututtuka da dama, kamar mura, da kansu suke warkewa, sai maganin ya tafi da yabo a banza.

To, wa zai shiga wane rukuni? Ƙuri'a ake yi irin ta sa'a, ba zaɓin kowa ba. In aka bar wa likita zaɓi, zai iya tura masu ƙarfin jiki wajen sabon magani ko da bai yi niyya ba. A 1948 an gwada maganin tarin fuka a Ingila da irin wannan rabo, kuma har yau ana misali da shi. In da hali, daga majinyaci har likita ba wanda zai san abin da aka ba wa kowa.

Mu nan Kano mun ga abin da ido. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200. Rabinsu aka ba su tsohon magani, Ceftriaxone, amma ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, 5 a wajen Trovan, 6 a wajen kwatanci. In an rage wa tsohon magani ƙarfi, yaya za a ce sabon ya kai shi? Iyaye da yawa sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Saboda haka in masu bincike sun zo garinku, ko da mai unguwa ne ya rako su, ku tambaya: me za a ba ɗaya rukunin, kuma cikakke ne? Hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta amince? Kada ku dangwala yatsa sai an karanta muku takardar da Hausa. Kuna da ikon ficewa duk ranar da kuka ga dama.

Aikin gida: rubuta tambayoyin nan biyu a littafinka, ka karanta wa mutanen gidanku.