Yadda Za a Rage Kashe Kuɗi a Gida Ba Tare da An Ƙuntata wa Iyali Ba

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa bayan 'yan makonni, lissafin magidanta da yawa ya dagule. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira dubu 70 a watan Yulin 2024, amma duk mai riƙe da gida ya san cewa kuɗin kan ƙare tun wata bai raba ba. Farashin kasuwa dai ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne lokacin da muke sayen kaya, da yadda muke adana su, da kuma yadda muke sarrafa su bayan sun shigo gida, kuma a waɗannan wurare uku ne kuɗin yawancinmu yake zurarewa ba tare da mun ankara ba.

Matakin farko shi ne a san inda kuɗin yake tafiya. A sami ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a ajiye shi inda hannu zai kai gare shi, a riƙa rubuta duk abin da aka kashe har tsawon wata guda, komai ƙanƙantarsa. Wannan aiki ba ya yiwuwa sai maigida da uwargida sun yi shi tare, domin idan ya zama bincike ne da ɗaya yake yi wa ɗaya, to rigima zai haifar. Lokacin da muka fara a gidana, uwargida ta ce da ni, "Malam, ni zan rubuta na kicin, kai kuma ka rubuta na aljihunka." Da wata ya ƙare muka zauna bayan sallar isha'i muka haɗa shafukan biyu. Kuɗin haya da na makaranta ba su ba mu mamaki ba, tun da mun san da zamansu. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne ƙullin gishiri, da omon leda, da magi na ɗai-ɗai, da ruwan leda, da ladan mai POS duk lokacin da aka ciri 'yan kuɗi kaɗan, da katin waya da ake sakawa ba lissafi. Naira 500 da ke fita kullum ta wannan hanya ta zama dubu 15 a wata, wato fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mafi ƙarancin albashi, a shekara kuwa ta haura dubu 180.

Daga nan sai a waiwayi abinci, domin shi ne yake cinye kaso mafi tsoka na abin da talaka yake samu. Mai sayen hatsi kwano-kwano duk mako yana biyan ribar ɗan sari da ta mai shago da ta mai awo, kuma yana saye a kowane farashi ranar ta zo da shi. A yawancin shekaru, masara da dawa da gero da wake sun fi sauƙi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da amfanin gona yake kwararowa kasuwa, sannan su yi ta hawa har tsakiyar damina sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Saboda haka wanda zai iya, ya fara ware wani abu tun watanni uku ko huɗu kafin kaka da niyyar sayen hatsin da zai kai shi wata shida ko fiye. Wanda ba shi da ƙarfin buhu, ya nemi maƙwabta ko abokan aiki uku ko huɗu da ya yarda da su, su haɗa kuɗi a aiki mutum ɗaya kasuwar hatsi irin ta Dawanau a Kano, ko kasuwar ƙauye mafi kusa ranar da take ci, a sayo a raba. Buhu mai tiya 40 idan aka raba wa gida huɗu, kowa ya tashi da tiya goma a farashin sari, kuɗin mota kuma an raba shi. Sai dai a auna a gaban kowa, kuma a buɗe buhun tun a kasuwa a zura hannu har ƙasa, domin akan ɗora mai kyau a sama.

Sayen sari ba shi da amfani idan ƙwari ne za su ci rabin kayan, don haka adanawa tana bukatar kulawa fiye da sayen kansa. Hatsin da za a ajiye dole ya bushe ƙayau. A ɗauki ƙwaya a ciza, idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan kuwa haƙori ya nutse a cikinta, a sake shanya ta. Masara da gyaɗa masu danshi kan yi fumfuna, kuma wannan fumfunar tana haifar da guba mai lahanta hanta. Wake ne ya fi wahalar ajiya. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a matse iskar a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ke ciki su rasa iska su mutu. Jarka mai tsabta da murfinta yake rufuwa sosai ita ma tana wannan aiki, muddin an cika ta har baki, ba a kuma riƙa buɗe ta kullum ba. A ɗebi na wata guda a wani mazubi daban. Abin da nake roƙon kowa ya guje wa shi ne zuba maganin ƙwari na ruwa a cikin abincin da yara za su ci. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. A ɗora buhunan a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango.

Kayan miya ma suna da nasu lokacin. Da rani, daga Janairu zuwa Maris, tumatirin noman rani na yankunan Kadawa da Kura yakan cika kasuwa har kwando ya faɗi ƙasa warwas, amma da zarar bazara ta wuce damina ta kankama sai ya zama sai wane da wane. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin maganin wannan: a yanka tumatir a shanya ya zama kauɗa, a busar da tattasai da attaruhu da kuɓewa, a daka kuka a ajiye. A yi shanyar a kan tabarma mai tsabta a wuri mai tudu, a lulluɓe da yadi marar kauri saboda ƙura da ƙuda. Wadda take so kuma tana iya markaɗa kayan miyan ta dafa su har ruwan ya ƙone, ta zuba a kwalabe, ta sake tafasa kwalaben a rufe. Gidan da yake da ɗan fili, ko da tsofaffin buhuna da bokitai ne, zai iya shuka alayyafo da yakuwa da rama, ya dasa zogale a gindin katanga, ya riƙa ba su ruwan alwala da na wankin shinkafa.

A kicin kuwa, wuta ce take cin kuɗi a ɓoye, ko gas ake amfani da shi ko gawayi ko itace. A jiƙa wake tun dare, zai nuna cikin ɗan lokaci. A gama yanke-yanke da jajjage kafin a kunna wuta, a rufe tukunya, a rage wutar da zarar ta tafasa, tun da ruwan da ya riga ya tafasa ba ya ƙara zafi don an ƙara masa wuta. Mai girki a tsakar gida ta kare murhunta daga iska, kuma in an gama a kashe ragowar garwashi a ajiye don gobe. Babbar ɓarna ita ce dafa abin da ya fi ƙarfin gida. Uwargida ta san awon gidanta, ta tsaya a kansa, abin da ya ragu kuma a ba shi darajarsa: tuwon dare ya zama ɗumamen safe, wanda ya fi shayi da burodi riƙe ciki da sauƙin kuɗi, ƙanzo a shanya shi, ragowar shinkafa a gyara ta da ɗan mai da albasa. Idan nama ya yi tsada, wake da awara da gyaɗa da busasshen kifi suna gina jiki, bai kamata a raina su ba.

Lissafin lantarki a bayyane yake ga mai mita. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 idan yana ci awa shida kullum, yana shan kusan yunit 11 a wata, alhali ƙwan LED mai wat 9 da yake ba da haske kusan iri ɗaya bai kai yunit biyu ba. A gida mai ƙwai biyar, bambancin ya haura yunit 45 duk wata, kuma waɗanda ke rukunin Band A, wato rukunin da aka ware wa awannin wuta mafi yawa a rana, da aka ninka musu kuɗin wuta fiye da sau uku a Afrilun 2024, sun fi kowa sanin darajar wannan. Sai dai araha ba ta ado, gara a sayi ƙwai mai inganci sau ɗaya da a riƙa sauya na banza duk wata. Dutsen guga da hita da risho na lantarki su ne manyan masu shan wuta, don haka a tara guga a yi ta rana ɗaya. Haka nan a tara aike-aiken kasuwa a fita sau ɗaya maimakon biyan a-daidaita-sahu sau uku, a ciri kuɗin mako a POS a karo guda, a kashe bidiyon da ke kunna kansa a Facebook da sauke hotuna kai tsaye a WhatsApp, a kuma tari ruwan sama da damina don wanki da wanke-wanke.

Akwai wani ɓangare da ya fi waɗannan duka nauyi a zuciya, wato hidimar biki da suna. Zumunci wajibi ne, kuma ba na goyon bayan wanda zai fake da tsadar rayuwa ya yanke shi. Amma anko uku a wata guda, kowanne da kuɗin ɗinki da gudunmawa, ya isa ya rusa duk tattalin da aka yi a kicin. Shawarata ita ce miji da mata su yanke adadin da za su iya warewa don hidimar jama'a a kowane wata, su tsaya a kansa. Idan anko ya fi ƙarfi, a je bikin da tufafin da ake da su, a kai gudunmawa daidai hali, a kama aiki da hannu. Mai hidimar da ya san ya kamata zai fi tuna wadda ta kwana tana tuƙa tuwo fiye da wadda ta zo da sabon leshi. Kayan sallah na yara kuma a saye su a kai wa tela tun kafin azumi, lokacin da yadi bai hau ba, teloli kuma ba su cika ba.

Duk abin da aka rage ta waɗannan hanyoyi, idan aka bar shi a aljihu zai bi ta wata ƙofar ya fice. A cire shi ranar da kuɗi suka shigo, a jefa a asusu ko a zuba adashi da mutanen da aka sani, a kuma nemi kwasar da za ta faɗo dab da kaka ko lokacin biyan kuɗin makaranta. A nisanci bashin manhajojin waya, domin ruwan da suke ɗorawa cikin 'yan kwanaki yana da yawa, ga tozarta mutum a wurin 'yan uwansa idan ya makara. Abubuwa uku ne ban yarda a taɓa su da sunan tattali ba: maganin marar lafiya, karatun yara, da abincin mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara. Zazzaɓin da aka ƙi kai wa asibiti yau don gudun kashe dubu biyu, shi ne yake komawa kwanciya da ƙarin ruwa bayan kwana uku. A ƙarshen kowane wata a sake buɗe littafin nan, a kwatanta shi da na watan da ya gabata, a zaɓi abu ɗaya ko biyu da za a gyara a wata mai kamawa.