Yadda Ɗan Kokawa Zai Kare Kansa Daga Naushi

Wanda ya koyi salon kokawa irin su judo ko jiu-jitsu na Brazil ya saba da abokin karawar da zai kama shi ya ja shi, amma bai saba da wanda zai dunƙule hannu ya kai masa naushi a fuska ba. Abin da ya kamata ya fara fahimta shi ne, naushi ba ya yin ƙarfi sai ya sami tazarar da hannu zai miƙe. Saboda haka wuri biyu ne kawai ya dace ka tsaya: ko dai nesa inda hannunsa ba zai kai gare ka ba, ko kuma ka manne da jikinsa. Tsakanin nan biyu ne ake fasa wa mutum baki.

An ga haka a gasar UFC ta farko (gasar faɗa mai haɗa salon kokawa da dambe daban-daban) a birnin Denver na Amurka a watan Nuwamba na 1993, inda ɗan jiu-jitsu na Brazil Royce Gracie ya kara da ɗan damben boksin Art Jimmerson, wanda ya shigo da safar dambe a hannu ɗaya kawai. Gracie ya tsaya nesa har ya sami dama, ya kutsa ya kai shi ƙasa, ya hau kansa, Jimmerson kuwa ya sallama.

Ka tsaya ƙafa ɗaya a gaba, hannuwa a buɗe daidai fuska, haɓa a sunkuye, kuma ka bar tazarar da ta kai tsawon hannu biyu. Ka zuba ido a ƙirjin abokin karawarka da kafaɗunsa, domin kafaɗa ce take fara motsi kafin hannu ya taso. Kada ka yi ƙoƙarin cafke naushi a iska, hannu ya fi ido sauri, kuma duk wanda ya miƙa hannu don tarewa ya bar muƙamuƙinsa a fili.

Lokacin shiga shi ne sa'ad da ya tako gaba ya ɗaga hannu. A nan yawancin masu koyo suke ja da baya, kai a ɗage, ido a rufe, wanda a ganina shi ne kuskure mafi tsada. Maimakon haka, ka ɗora tafukanka a kanka, gwiwoyin hannu suna fuskantar gaba, ka kutsa da sauri har kunnenka ya manne da ƙirjinsa. Ka rungume ƙugunsa, ka kama wuyan hannunka da ɗaya hannun ba tare da sarƙa yatsu ba, sannan ka zagaya gefensa ta ƙarƙashin hammata. Daga nan duk dukan da zai kai maka a baya ne zai sauka, ba shi da ƙarfi sosai, kuma kana iya taɗiye shi ko ka ture shi ka yi ta kanka.

Idan kuka faɗi kana ƙasa, ka naɗe ƙugunsa da ƙafafunka, ka jawo ƙeyarsa zuwa ƙirjinka da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya danne damtsensa. Idan ya fizge ya ɗago, ka tokare ƙirjinsa da gwiwoyinka. Idan ya miƙe tsaye, ka sa tafin ƙafa a ƙugunsa ka tura, ka dafa ƙasa ta baya da hannu ɗaya ka tashi, ɗayan hannun yana kare fuska. Kwalta dai ba katifar horo ba ce, kuma wataƙila yana da wuƙa ko abokai a kusa, don haka kada ka daɗe a ƙasa.

Wajen atisaye, abokinka ya sa safar dambe, kai kuma ka sa robar kare haƙora. Ya fara kai naushi a hankali, amma ya nufi fuskarka da gaske, domin idan yana kaucewa da gangan to ƙarya yake koya maka. A riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan a gaban mai horarwa. Duk wanda ya ji jiri, ciwon kai ko tashin zuciya bayan duka, ya dakata nan take ya ga likita kafin ya dawo horo.