Yadda nake tsintar tsofaffin kaya a Kasuwar Kurmi

Duk ranar da zan shiga Kurmi, mayen ƙarfe ne farkon abin da nake jefawa aljihu. In aka miƙo maka tasa aka ce tagullar Bida ce, manna shi a gindinta. Ya kama? Ƙarfe ne aka yi wa rini, ajiye musu kayansu. Ta gaske ba ta kamawa, kuma in ka shafa cikinta za ka ji sawun guduma, ba sumul ba.

Akushi kuwa hanci nake sa masa. Tsoho yana ƙanshin hayaƙi da man shanu, bakinsa ya cinye ta gefen da hannu ya saba kamawa. Na taɓa sayen wanda aka shafe da baƙin man takalmi, sai a gida farar rigata ta tona asiri.

Anini da kwabo mai huji, duba shekarar. Na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas ina son sa, amma yana da yawa, kada a tsuga maka kuɗi. Kuma don Allah kada ka goge shi da toka da lemun tsami, wannan dattin ake saye.

Abin da ya tsone maka ido, shi za ka taya a ƙarshe.