Kafin ka buɗe gonarka ga masu ziyara a Zariya, duba abin da takardar filinka ta ce

Gonata tana gaba da Dakace, a gefen fadamar Galma, eka bakwai da muka gada daga mahaifinmu. Akwai mangwaro da gwaiba, da lambun tumatir da albasa a rani, da ɗan rake ta wajen ruwa, da tafkunan tarwaɗa guda biyu. Wani malamin firamare maƙwabcina ne ya fara roƙona in bar shi ya kawo ɗalibansa su ga yadda ake ban ruwa. Yara talatin da biyu suka zo. Wata yarinya ta tsaya kan tumatir tana tambayata ko da gaske a nan yake fita, don ita a kwando kawai ta san shi a kasuwar Sabon Gari. Daga ranar na ƙudurta gonar nan za ta zama wurin ziyara. Tun daga lokacin manoma da yawa ke tambayata ta ina za su fara, ni kuwa amsata ɗaya ce: ka fara da takarda, bulo ya biyo baya.

Ni da bulo na fara. Na sayi dubu ɗaya da ɗari biyar, na sa aka haƙa harsashin ɗakin taro a ɓangaren gabas inda ƙasa ta fi tudu, aka zuba kankare. Sai na kira safiyo don ya fitar mini da zanen filin. Ya zagaya da na'urarsa, ya ɗaga kai ya dubi wayar wutar da ta ratsa ta saman wurin, ya ce, "Alhaji, nan ba za a taɓa ba ka izinin gini ba. Kuma ina takardar gonar?" Na miƙa masa. Ya sa yatsa a kan layi ɗaya, inda aka rubuta abin da aka ba da filin dominsa: noma. Harsashin nan har yau yana nan, kabewa na shuka a kansa.

To, ɗauko takardarka ka nemi wannan layin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, mu kuma haƙƙin zama da amfani aka ba mu, bisa manufar da aka rubuta. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni gwamna ke da iko da shi kai tsaye, na karkara kuma dokar ta ba ƙaramar hukuma damar bayarwa, har hekta 500 in don noma ne, 5,000 in don kiwo. Abin da ya shafe mu shi ne sashe na 28: wanda ya saɓa sharaɗin da ke cikin satifiket ɗinsa na mallakar fili ana iya soke masa mallaka. In takarda ta ce noma, kai kuma ka gina ɗakin biki da wurin cin abinci kana karɓar kuɗin shiga, ka saɓa. Ba lallai a zo maka yau ba. Amma Zariya tana cin gonaki ta kowace kusurwa, wanda ya san Hanwa da Basawa da hanyar Shika shekara ashirin baya ya san haka, kuma ranar da gari ya iso bakin gonarka, takardar za a fara tambaya.

Yawancinmu ma satifiket ɗin ba mu da shi. Abin da ke hannunmu takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da dagaci, ko takardar rabon gado daga kotun shari'a. Kada ka raina su, su ne tushe. Ka tattara su, ka haɗa da katin shaidarka da hotuna da zanen safiyo, ka tafi hukumar KADGIS, wadda aka kafa a 2015 kuma ita ce ke riƙe da rajistar filaye a Jihar Kaduna. In gonar ta gado ce da ba a raba ba, ka tsaya tukun. Ka tara 'yan'uwa, maza da mata, a raba ko a rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu. Mu mun shafe wata huɗu a kan wannan, domin yayarmu da ke aure a Kano ta ce sai ta ga iyakar kasonta da idonta, kuma gaskiyarta ce. Gona tana noma kowa ya yi shiru, ranar da motocin makaranta suka fara tsayawa a ƙofa kowa zai tuna yana da rabo.

Daga nan sai shawarar da ta fi kowace amfani a wurina, wadda safiyon nan ya ba ni. Kada ka nemi a sauya manufar gonar gaba ɗaya zuwa kasuwanci. Kuɗin ƙasa na filin kasuwanci ya fi na noma nesa ba kusa ba, kuma kowace shekara za ka biya. Ka yanki ɗan ɓangare ta bakin hanya, ka nemi a raba shi da sauran, shi kaɗai a sauya masa manufa. Ni rabin eka na ware. A nan ne wurin ajiye motoci, da ban-ɗaki, da ɗakin da baƙi ke zama, da teburin da muke sayar da kifi da kayan lambu. Sauran eka shida da rabi suna nan a matsayin gona, a takarda da kuma a zahiri. Ai gonar mutane ke zuwa gani. Wanda ya shafe rabin gonarsa da siminti ya kashe abin da yake tallatawa, don mai son zama a kan tayil yana da wurare a cikin gari.

Kafin ka zaɓi inda za ka yanka, ka san inda ba a gini ko da filin naka ne. Ƙarƙashin babbar wayar wuta mai ƙarfin kilobolt 330 ana barin mita 25 kowane gefe, mai 132 kuma mita 15. Babbar hanyar tarayya, irin ta Kaduna zuwa Kano, tana da mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane ɓangare. Layin dogo shi ma yana da nasa haramin. Bakin kogi kuwa, ko ba doka hankali ya ishe ka: wanda ya ga Galma ko Kubanni a watan Agusta ba zai kafa ɗaki a fadama ba. Sai burtali. Wannan ba kullum yake fitowa a zane ba, amma dattawan gari da ardo sun san inda ya bi. Na je wurin dagaci na ce, "Ranka ya daɗe, shinge nake so in yi, a nuna mini hanyar shanu." Ya haɗa ni da mutum biyu, muka taka tare, na ja shingena baya da taku goma sha biyu. Ban taɓa samun saɓani da makiyaya ba, har ma yaran da ke zuwa sukan tsaya a bakin waya su kalli garke yana wucewa.

In takardar ƙasa ta daidaita, sai izinin gini, wanda ke hannun KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha. Za su nemi shaidar mallaka, da zanen gini daga ƙwararren mai zane, da taswirar da ke nuna inda ginin zai zauna a cikin filin, sannan su turo a duba wurin. Kada ka aza bulo ko ɗaya sai takardar amincewa ta shigo hannunka. Duk kuɗin da za ka biya, a banki ko ta hanyar da hukuma ta tsara za ka biya, ka riƙe rasit. Kuma ka je da ƙafarka. Masu cewa "kawo in yi maka" a bakin ofisoshi sun ci kuɗin mutane da yawa.

Jiran nan yana ɗaukar lokaci, amma ba sai ka zauna hannu rabbana ba. Shekarata ta farko da rumfar zana biyu na yi ta, da tabarmi da benci a gindin mangwaro, da randunan ruwa. Abin da za ka iya ɗagawa cikin yini ɗaya zai nuna maka ko mutane za su zo kafin ka zuba jari.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma kada ka tsallake su. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, don makarantu masu tsari ba sa biyan kuɗi sai da rasit mai suna. In za ka dafa abinci ka sayar, duba-gari na ƙaramar hukuma za su zo, kuma ban-ɗaki za su fara dubawa: na maza daban, na mata daban, ramin masai nesa da rijiya, ni na bar mita talatin kuma ta gangare. Ruwan da kake zubarwa daga tafkin kifi ka juya shi cikin lambu, kada ya bi ta gonar maƙwabci ko ya koma kogi. Tafkin kansa ka kewaye shi da waya mai tsayin da yaro ba zai haura ba. Kwanan baƙi kuwa ban shiga ba kuma ba na ba sabon shiga shawara ya fara da shi, domin da zarar an kwana ka zama mai masauki, da rajistarsa da harajinsa da nauyin tsaron rayuka da dare. Ni ƙarfe biyar na yamma kowa ya kama hanya. Duk ranar da ɗalibai za su zo nakan sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun jajibiri.

Ga mai neman baƙin farko, Zariya ba ta rasa su. Makarantun firamare da sakandare suna neman inda za su kai yara, ga ɗaliban aikin gona na Jami'ar Ahmadu Bello, ga iyalai da ke son fita ranar Asabar. In kana so ka ƙara abin nunawa, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da ingantaccen irin masara da wake da dawa, sai ka shuka kunya biyar-biyar ka kafa allo da sunan kowanne. Lokacin da ya fi kyau daga Disamba ne zuwa Fabrairu, lambu ya yi kore, hanya ta bushe, rana ba ta yi zafi ba. Ka rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa tun farkon zango, ka haɗa da kwafin rajistarka, ka ce kada a wuce yara arba'in a zuwa ɗaya, da malami ɗaya kan kowane goma.