Darasi na 14: Kamfanin L'Oréal da Abin da Ke Rubuce a Bayan Kwali

A ajinmu na yamma, wata ɗaliba ta taɓa zuwa da kwalin man gashi a cikin jakarta. Dattijuwa ce, makitsiya, ta haura shekara ashirin a sana'ar. Ta miƙo mini kwalin ta ce, "Malama, shekara da shekaru ina shafa wa 'ya'yan mutane wannan abu, amma hoton matar nan kaɗai na sani. Karanta mini, su wane ne suke yinsa?"

Na ce, "Inna, yau ke za ki karanta mana."

A gaban kwalin an rubuta Dark and Lovely da manyan haruffa. Muka juya bayansa. Ta matso kusa da fitila, ta ɗora yatsa a kan ƙananan haruffan can ƙasa, tana kiran su ɗaya bayan ɗaya: L, O, R, E, A, L. Ta ɗago kai ta ce, "To, shi kuma wannan ɗan wace ƙasa ne?"

Amsar tambayarta ce darasinmu na yau. Ana rubuta sunan L'Oréal, ana faɗinsa "Loriyal". Kamfanin ƙasar Faransa ne, kuma babu kamfanin kayan kwalliya da ya kai shi ciniki a duniya.

Ɗan mai burodi

Wanda ya kafa shi sunansa Eugène Schueller. An haife shi a birnin Faris a 1881. Iyayensa shagon burodi da kek gare su, kuma tun yana yaro yakan tashi da asuba ya taya su aiki kafin ya wuce makaranta. Ya karanta ilimin haɗa sinadarai, ya kammala a 1904.

A wancan zamani matan Faransa suna son rufe furfura, kamar yadda namu suke so. Da lalle suke rini, ko kuma da wasu haɗe-haɗe masu gubar dalma. Wani rinin ya ƙona fatar kai, wani ya ba da launin da ko daga nesa an san ba na Allah da Annabi ba ne. Masu shagunan gyaran gashi suna ta neman abin da ya fi wannan.

Schueller ya duƙufa. A gidan haya mai ɗaki biyu yake zaune, nan ne ɗakin gwajinsa, nan ne shagonsa. A 1907 ya dace da haɗin da ya gamsar da shi. Da dare ya haɗa rini ya ɗura a kwalabe, gari na wayewa ya bi shagunan gyaran gashi yana talla. Ranar 30 ga Yuli, 1909, ya yi wa kamfaninsa rajista. Sunan farko dogo ne, ma'anarsa da Hausa ita ce Kamfanin Faransa na Rinin Gashi Marar Cutarwa. Sai a 1939 kamfanin ya koma amsa sunan L'Oréal a hukumance.

Ku lura da dabararsa, domin duk mai sana'a a cikinku zai gane ta. Bai tsaya jiran mata su zo saye ɗaya-ɗaya ba. Masu gyaran gashi ya kama. Ya buɗe musu makarantar koyon rini, yana rubutu a mujallar sana'arsu yana bayyana yadda ake auna haɗi da minti nawa ake barinsa a kai. Mai gyaran gashi ɗaya tana taɓa kan mace ɗari. In ta yarda da kayanka, ɗarin nan sun zama naka. Kuma haɗin nasa a rubuce yake, da awo. Kwalbar yau daidai take da ta jiya. Wannan ne ya sa nake yawan ce wa masu haɗa sabulu da humra a ajinmu su riƙa rubuta awonsu a littafi. Haɗin da yake a ka kawai, ranar da mai shi ya kwanta ciwo, sana'ar ma ta kwanta.

A 1920 masana sinadarai uku kamfanin yake da su. Zuwa 1950 sun kai 100. Yau masu bincikensa sun haura 4,000.

Sabulu, shamfu da man rana

Da rini ya karɓu, sai ya faɗaɗa. A 1928 ya sayi kamfanin sabulu mai suna Monsavon. A 1934 ya fito da shamfu mai suna Dop, mai araha, don talaka ma ya saya. A lokacin yawancin Faransawa ba sa wanke kai a kai a kai, saboda haka sai da ya fara koya musu ɗabi'ar kafin ya sayar musu da kayan. Ya yi ta talla a rediyo da waƙa, da manyan alluna a bakin titi. A 1935 ya fito da Ambre Solaire, man kare fata daga ƙunar rana. Shekara ɗaya bayan haka, a 1936, gwamnatin Faransa ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi. Jama'a suka yi tururuwa zuwa bakin teku, farar fata kuwa ba ta jure rana. Man ya samu kasuwa.

Tabon da ke tarihinsa

Ba zan ɓoye muku wannan ba, don tarihi ba kirari ba ne. A shekarun 1930 Schueller ya ba da kuɗinsa ga wata ƙungiyar asiri mai suna La Cagoule, mai ƙin Yahudawa, mai kashe-kashe da dasa bama-bamai. Da sojojin Hitila suka mamaye Faransa a 1940, yana cikin waɗanda suka kafa wata jam'iyya mai goyon bayan haɗa kai da Jamusawa. Bayan yaƙi an bincike shi, ba a hukunta shi ba, kuma wasu tsofaffin 'yan ƙungiyar sun samu aiki a kamfaninsa. Hazaƙarsa gaskiya ce, wannan abin kunya ma gaskiya ne.

Magajiya da hannun jari

Ya rasu a 1957. 'Yarsa ɗaya tilo, Liliane Bettencourt, ita ta gaje shi. Tun tana da shekara 15 take zuwa masana'anta tana manna takarda a jikin kwalabe. Amma da gado ya zo hannunta ba ta ce sai ita za ta zauna kan kujera ba. Wani ma'aikacin mahaifinta, François Dalle, shi ya ja ragamar kamfanin. Ita da dukiya, shi da gudanarwa. A ganina wannan na cikin abin da ya hana kamfanin bin mai shi kabari, abin da muka sha gani a kasuwanninmu idan attajiri ya faɗi aka zauna rabon gado.

A 1963 aka sa kamfanin a kasuwar hannun jari ta Faris. Mene ne hannun jari? Kun san watanda, inda ake haɗa kuɗi a sayi sa, a yanka, kowa ya ɗauki kashinsa. To, ku ɗauka saniya ce aka saya, ba a yanka ta ba. Tana nan tana ba da nono tana haihuwa, kowa yana samun rabo gwargwadon kuɗin da ya zuba, kuma wanda ya ga dama ya sayar wa wani kashinsa. Kashin nan shi ne hannun jari. A 1974 kamfanin Nestlé na ƙasar Suwizalan, mai yin Maggi da Milo da Nido, ya sayi kashi mai tsoka. Yau idan aka raba L'Oréal kashi 100, iyalan Bettencourt suna da wajen 35, Nestlé yana da wajen 20. Liliane ta rasu a 2017, 'yarta Françoise Bettencourt Meyers ta gaje ta.

Yadda ya iso kwandon makitsiya

Daga shekarun 1960 hanyar girmansa ta zama sayen wasu kamfanoni. Ya sayi Lancôme mai turare a 1964, Garnier a 1965, Maybelline na Amurka mai jan baki da hoda a 1996. Idan ya saya ba ya goge sunan. Ya san suna ne mutane suka saba da shi, kamar yadda mai sayen shago a kasuwa yake barin allon tsohon mai shi don kada abokan ciniki su watse. Shi ya sa mace za ta sayi kaya uku masu suna daban-daban, alhali kuɗinta aljihu ɗaya ya shiga.

Shekaru da dama hankalin kamfanin yana kan gashin Turawa. Sai daga baya ya waiwayi namu. A 1998 ya sayi SoftSheen, kamfanin da wasu baƙaƙen fata, mata da miji, suka kafa a birnin Shikago. A 2000 ya sayi Carson, mai yin Dark and Lovely, ya haɗe su biyun suka zama SoftSheen-Carson. A 2013 ya sayi Nice & Lovely na ƙasar Kenya. Yana da masana'anta a Afirka ta Kudu. Ta nan kwalin Inna ya biyo.

Ba kowane saye ne ya yi albarka ba. Ya sayi The Body Shop na Ingila a 2006, abin bai tafi yadda ya so ba, ya sayar a 2017.

A 2023 cinikin kamfanin ya haura Yuro biliyan 41. Ma'aikatansa sun haura 90,000, kayansa suna shiga ƙasashe wajen 150. Babban ofishinsa yana Clichy, a gefen Faris.

Akwai wani zance da ya shafi masu gyaran gashi kai tsaye. A 2022 wata cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon da ya nuna matan da ke yawan amfani da man miƙar da gashi sun fi kamuwa da sankarar mahaifa. Dubban mata suka kai kamfanoni da dama ƙara a kotu, har da L'Oréal. Kamfanin ya musanta, ya ce kayansa ba sa cutarwa. Ni dai shawarata ga mai wannan sana'a: ki sa safar hannu, kada ki wuce mintocin da aka rubuta, kada ki shafa a kan da ke da ƙurji ko rauni, kuma a bar tazara mai tsawo tsakanin shafi da shafi.

Mu karanta kwali

Girman sunan kamfani ba ya ɗauke muku karatun kwali. Kayan da suka yi suna ma su ne aka fi yi wa jabu. Kowa ya ɗauki kwalin da ke gabansa.

Ku fara neman haruffa uku, EXP. Lambobin da ke bin su ranar ƙarewar wa'adi ce. In kun ga EXP 08/2027, wata na takwas ke nan, Agusta, shekarar 2027. Haruffan MFG kuma ranar da aka yi kayan suke nunawa. Kada ku rikita su biyun.

Sai ku nemi ɗan zanen gwangwani da murfinsa a buɗe, da rubutu kamar 12M ko 6M. Wannan M ɗin wata yake nufi. 12M na nufin daga ranar da aka buɗe, wata goma sha biyu ne amfaninsa, ko da wa'adin jikin kwali bai cika ba. Ki sami biro ki rubuta ranar da kika buɗe a gindin robar.

A Nijeriya ku nemi lambar rajistar NAFDAC, hukumar da ke kula da abinci da magunguna da kayan shafa. Ku duba ko akwai sunan kamfani da adireshinsa. Kayan da ba su da adireshi, wa za a kama in sun yi ɓarna?

Jerin sinadarai kuma ba a rubuta shi barkatai. Wanda ya fi yawa shi ke zuwa farko. Sau da yawa kalmar farko Aqua ce, ma'anarta ruwa.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna. Yawancin baƙin rini yana ɗauke da sinadarin da ake taƙaita sunansa PPD. Wasu jikinsu ba ya karɓarsa: ƙaiƙayi, kumburin fuska, fata ta yi bororo. Shi ya sa ake rubuta a gwada tukuna. A ɗiga kaɗan a bayan kunne ko a lanƙwasar hannu, a jira awa 48, wato kwana biyu cur. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, a haƙura da rinin. Wannan sinadari shi ne a cikin dayis da ake yi wa amare zanen baƙin lalle da shi, alhali don gashi aka yi shi, ba don a zana a fata ba. Na ga hannun amaryar da ya kumbura ana gobe ɗaurin aure, zanen furen ya tashi ruɗu-ruɗu kamar ƙuna, ta wuni tana kuka ba ta iya riƙe ko cokali.

Lissafi

1. An haifi Schueller a 1881, ya rasu a 1957. Ku cire ƙaramar lamba daga babba. Shekara nawa ya yi a duniya?
2. An kafa kamfanin a 1909. A wace shekara ya cika 100?
3. Iyali suna da kashi 35, Nestlé yana da 20. Kashi nawa ya rage wa sauran masu hannun jari daga cikin 100?
4. Dubu tana da sifiri uku: 1,000. Miliyan tana da shida: 1,000,000. Biliyan tana da tara. Ku rubuta biliyan 41 da lambobi.
5. An buɗe man shafawa a watan Maris, a jikinsa an rubuta 6M. A wane wata za a daina shafa shi?

Tattaunawa da aikin gida

Ku zauna bibbiyu. Kowa ya gaya wa abokin zamansa dalilin da ya sa Schueller ya fara da masu gyaran gashi, sannan ya faɗi wanda yake matsayin mai gyaran gashin nan a tasa sana'ar.

A mako mai zuwa kowa ya zo da kwali ko robar kayan shafa guda biyu daga gida, ko da sun ƙare. A littafinku ku kwafi sunan kayan, sunan kamfanin da ya yi su, ƙasar da aka yi su, da ranar EXP. Wanda ya nemi ɗaya daga cikin huɗun nan bai gani ba, ya ja layi a gurbinsa ya zo da kwalin mu duba tare. Masu haɗa sabulu, man kitso ko humra su ƙara da shafi ɗaya: sunan kowane abin haɗi, da cokali ko kofi nawa ake zubawa.