Kafin ka tare a bayan garin Ikko: kurakuran da mutanen Kaduna suka fi yi

Shekara huɗu ke nan da aka mayar da aikin ƙanena Ikeja, ya bar Tudun Wada. Da ya ji kuɗin hayar ɗaki biyu da falo a cikin Legas sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya bi sahun mutanenmu zuwa ƙauyukan bayan gari, wajen Mowe da Ofada, waɗanda a takarda ma ba Legas ba ne, jihar Ogun ce. Sau uku ina kai masa ziyara, na kuma zauna da 'yan Rigasa da Kawo da suka yi irin wannan ƙaura, wasu Ikorodu, wasu Epe, wasu Badagry. Duk asarar da aka ba ni labari, in ka bi ta, tushenta ɗaya: mutum ya tafi Kurmi yana awo da mudun Kaduna.

Awo na farko da ke cin mutane shi ne na hanya. Daga Mowe zuwa Berger, ƙofar shiga Legas, bai kai nisan Kaduna zuwa Jaji ba. Ɗan Kaduna na jin haka sai ya ce ai nan da can ne. To amma titin Legas zuwa Ibadan shi kaɗai ne mashiga, kuma akwai doguwar gada a tsakani. Tanka ɗaya ta faɗi a kanta, an gama da ranar kowa. Ga manyan sansanonin ibada a bakin titin, ranar taronsu sai haƙuri. Ƙanena yakan fita kafin kiran assalatu, ya yi asuba a masallacin kusa da ofis. Maganin abin ba wuya: kada ka je ganin wuri ranar Lahadi da rana. Ka kwana can, ka fito Litinin da sassafe kamar mai zuwa aiki, ka duba agogo, ka lissafa kuɗin mota na wata guda ka ɗora kan kuɗin haya. Sau da yawa arahar nan take narkewa. Mai aiki a Ikeja ko Yaba ya fara duba wajen Agbado, inda jirgin ƙasa na cikin gari ya fara jigila zuwa Oyingbo a 2024.

Sai maganar fili, inda aka fi zubar da hawaye. A gida mun saba: dillali, mai fili, mai unguwa, shaidu biyu, a sa albarka, daga baya a bi ta KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna. Can kuwa yawancin filayen ƙauye na zuri'a ne, ba na mutum ɗaya ba, kuma ciniki ba ya zama daram sai shugaban zuri'ar da manyanta sun sa hannu tare. Wanda ya biya ɗa ɗaya daga cikin gida ya sayi rigima. 'Yan irin wannan zuri'a ne ake kira omo onile, wato 'ya'yan masu ƙasa, kuma ba a biyan su sau ɗaya a huta. Ranar da ƙanena ya sauke yashi, matasa suka zo a kan babura suna neman kuɗin tushe. Ya kira ni murya na rawa.

"Yaya, wallahi na biya komai, ga rasit a hannuna."

"Wa ya sa hannu a rasit ɗin?"

Ya yi shiru. Mutum ɗaya ne, wanda ya nuna masa filin. Sai da aka sake zama da dattawan gidan, aka rubuta sabuwar takarda a gaban lauya, aka zayyana a ciki cewa kuɗin ya haɗa da na tushe da na rufi da na haƙa rijiya. Da tun farko aka yi haka, da rabin abin da ya kashe ya isa. Jihohin Legas da Ogun duk sun yi dokar hana ƙwacen fili a 2016, amma doka tana taimakon mai takarda ne, ba mai "ai mun yi magana" ba.

Akwai abin da ya fi omo onile haɗari, domin shi ba ya zuwa a kan babur. Filaye da yawa a kewayen Legas gwamnati ta daɗe da karɓe su, sai yankin da ta yanke ta mayar wa ƙauye, ta buga a gazet. Zuri'a za ta iya sayar maka da wurin da ba nata ba ne yanzu, ka yi gini, bayan shekaru katafila ta zo. An ga rusau a 2024 da aka fara titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba. Saboda haka ka ɗauki safiyo naka, ba na mai sayarwa ba, ya auna wurin ya kai lambobin ofishin babban safiyo na jiha, Alausa in Legas ce, Abeokuta in Ogun ce, a tabbatar fili ba na gwamnati ba ne. In mai shi yana da takardar mallaka, dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da ita sunanka. Ka kuma tambayi girman fuloti da ƙafa: namu hamsin da ɗari ne, nasu galibi sittin da ɗari da ashirin, kuma ana sayar da rabi a kira shi fuloti ga baƙon da bai tambaya ba. Da ka biya, ka kewaye. Filin da aka bari fayau akan sayar da shi sau biyu.

Ruwa kuma, mu da muka san Kigo Road in kogin Kaduna ya cika, bai kamata a yaudare mu ba, amma ana yi. Mutum ya je a Janairu, ya ga fili busasshe shar da ciyawa, ya ce ga ni'ima. Ciyawar da ta yi kore a tsakiyar rani fadama take nuna maka. Damina can tana da kai biyu, Yuni da Yuli, sannan Satumba da Oktoba, kuma a na biyun ne akan saki ruwan madatsar Oyan ya biyo kogin Ogun, ya mamaye Isheri da Warewa da kasuwar shanu ta Kara. Ka dubi katangun maƙwabta: layin da ruwa ya bari a jikin bulo ya fi dillali gaskiya. Ka ɗanɗani ruwan rijiya ma. Wajen Badagry da Ibeju akan samu mai gishiri-gishiri, wani wurin kuma ja ne, yana rina farin kaya. Ni dai a ganina, duk wanda bai yi damina guda yana haya a unguwa ba, bai kamata ya sayi ko taku ɗaya a cikinta ba.

Laima ma wani darasi ce. Surukarmu, matar ƙanen nawa, ta tafi da buhun masara da na gero kamar yadda ake ajiya a gida, aka jingina su a bango. Kafin wata uku sun yi fumfuna, babbar rigar salla ta yi ɗigo-ɗigo a akwati, takalmin fata ya yi fari. Hatsi sai kaɗan-kaɗan, a kan katako, a cikin durom mai murfi. Ƙofa da taga na ƙarfe kuwa, kusa da teku tsatsa ba ta jira.

Masu cewa za su ɗan yi kiwo ko acaba su rage zafi, su yi tambaya tukuna. Legas da Ogun sun hana kiwon sake tun 2021, kuma tumakin Arewa ba sa son danshin can. Acaba an hana shi a ƙananan hukumomi goma na Legas tun 2022, babur ɗin da aka kama ba a mayarwa. Ma'aikaci kuma ya gaya wa ofishinsa inda yake kwana, domin harajin albashi na jihar da kake zaune ne, ba wadda kake aiki ba.

Abin da maza suka fi mantawa shi ne wanda zai wuni a gidan. Kai ka fita da duhu ka dawo da duhu, iyali na can cikin mutanen da ba sa jin Hausa, ba Islamiyya kusa, asibiti sai an hau babur a taɓo. Kafin ka kwaso su, ka nemi inda jama'armu suke: Sabo ta Sagamu da fataken goro suka raya tun da daɗewa, ko kewayen Kara, ko Agege in ta kama. Ka gaida Sarkin Hausawa, amma kada ka tsaya nan. Ka je ka gaida Baale, mai garin Yarbawa, ka shiga ƙungiyar unguwa, domin ita ke tara kuɗin taransifoma da 'yan sintiri da cike ramukan hanya, kuma wanda ba ya biya ba a jin kukansa. Ka tambayi inda maƙabartar Musulmi take tun kana lafiya. Surukarmu yanzu ta iya gaisuwar Yarbanci da ciniki a kasuwa, har maƙwabciyarta kan aiko yaro sayen ƙuli-ƙuli. Ginin nasu ya kai linta, suna dai haya a layin baya, suna jiran su ga inda ruwan Oktoban bana zai tsaya.