Yadda za ka sabunta Nginx a sabar da ke kan aiki ba tare da shafinka ya faɗi ba

Jama'a sallama. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, na ga ƴan'uwa da yawa masu riƙe wa mutane shafuka sun kafa saba, wato kwamfutar da shafi ke zaune a kanta, tun shekaru huɗu biyar baya, sun barta haka nan don tsoron kada su taɓa ta lalace, alhali barin nata shi ne babban haɗarin, cikin tsarukan Linux da ake ɗora wa saba, Ubuntu 20.04 dai tallafinta na kyauta ya ƙare tun 2025, CentOS 7 kuwa tun ƙarshen Yunin 2024 aka rufe babinta.

Zan yi magana ne kan Nginx, wato manhajar da ke miƙa shafinka ga masu ziyara, a Ubuntu tunda shi na fi aiki da shi.

Kafin komai ka tanadi hanyar dawowa. In kamfanin da ka yi hayar saba a wurinsu suna da tsarin ɗaukar hoton saba gaba ɗaya, wato snapshot, kwafin duk abin da ke cikinta, to ka ɗauka, ko da za su caje ka ƴan kuɗi. Sannan ka kwafe foldar /etc/nginx da /var/www, ka fitar da rumbun bayananka da mysqldump, kuma don Allah ka sauke kwafin zuwa kwamfutarka, kwafin da ke zaune cikin sabar da ta mutu ba shi da wani amfani a gare ka.

Na biyu, kuma wannan mu ya fi shafa, kar ka fara aiki sai ka shiga tmux, wato manhajar da ke riƙe maka aikinka a saba ko da haɗinka ya yanke. Ka san yadda sabis ɗinmu yake, kana tsaka da aiki netwok ya ɗauke ko a ɗauke wuta, SSH, wato haɗin da kake shiga saba da shi, ya yanke, sabuntawa ta tsaya rabi da rabi. Ni ya taɓa faruwa da ni kuma sai da na kwana ina gyara. In kana cikin tmux aikin zai ci gaba a can, kana dawowa ka buga tmux attach ka tarar da shi.

Yanzu ka duba lambar Nginx ɗin da kake da shi da nginx -v, sai sudo apt update, sai sudo apt install --only-upgrade nginx. Kar hankalinka ya tashi in ka ga lambar ba ta motsa ba, misali Ubuntu 22.04 tana nan kan 1.18, su Ubuntu suna ɗinke ɓarakar tsaro ne a cikin tsohon ba tare da sun canza babbar lambar ba, to kana cikin kariya. Sai in kana buƙatar wani sabon abu ne za ka nemi sabon fitowa daga nginx.org, in ba haka ba ni shawarata ka zauna kan na Ubuntu.

Ana cikin yi zai iya tambayarka ko ya maye fayil ɗin saitinka da sabo. Nan ne mutane ke danna Y da sauri su goge wahalarsu ta shekaru. Danna D tukuna ka ga bambancin, in ba ka gane ba ka zaɓi N ya bar maka naka.

Da ya gama ka buga sudo nginx -t. Wannan umarnin ka mayar da shi ɗabi'a, duk lokacin da ka taɓa saiti ko da harafi ɗaya ne, shi zai gaya maka fayil da layin da kuskure yake. Sai ya ce komai lafiya sannan ka yi sudo systemctl reload nginx, shi reload yana barin waɗanda ke kan shafin su kammala abin da suke yi, restart kuwa yanke su yake.

To ga inda nake so ka nutsu sosai. In Ubuntun ce gaba ɗaya za ka ɗaga da do-release-upgrade, ba tsallake ake yi ba, daga 20.04 sai 22.04 sannan 24.04, kuma PHP, wato yaren da shafuka irin na WordPress ke aiki da shi, shi ma canzawa yake, 7.4 ya koma 8.1 sannan 8.3. Shi kuma saitin Nginx ɗinka yana nan yana neman /run/php/php7.4-fpm.sock wanda wataƙila babu shi kuma, sai ka buɗe shafi ka ga 502 Bad Gateway gabanka ya faɗi, ka zaci komai ya tafi, alhali gyaran layi ɗaya ne, ka shiga /etc/nginx/sites-available ka gyara lambar a layin fastcgi_pass, ka tabbatar php8.1-fpm (ko php8.3-fpm in 24.04 ce) yana kunne. Wanda ya fi wuya shi ne tsofaffin fulogin na WordPress da ba su jituwa da PHP 8, shi ya sa ya kamata ka sabunta su tun kafin ka taɓa saba, in da hali ma ka gwada komai a wata ƙaramar saba ta kwana ɗaya.

Duk abin da ya rikice maka, kafin ka fara canje-canje barkatai ka leƙa /var/log/nginx/error.log, galibi amsar tana layukan ƙarshe.

Kar ka manta da takardar tsaron shafin, wato wadda ke ba shi https, ta Let's Encrypt ba ta daɗewa take ƙarewa, ka gwada sudo certbot renew --dry-run ka ga har yanzu tana sabunta kanta. Lokacin aikin kuma ka zaɓi sanda mutane suka yi barci, ka sanar da mai shafin tun da wuri, hoton da ka ɗauka kuma ka bar shi ya yi sati guda kafin ka goge.